Wa'adin Henny

Baltimore, 9 ga Janairu, 1865

Kawu Perry,

Ina Henny take kwana? Ka riƙe wannan tambayar a ranka kafin ka gangara layi na gaba.

To, ga gaisuwa, kada ka ce birni ya cinye mini tarbiyya. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in sanyi ya kama? Ni lafiya lau, in ka cire tafin hannuna da kwalta ta tsattsage. Jirage ba su daina yoyo ba, mu ma ba mu daina toshe su ba. Kuma tun ɗaya ga Nuwamba, ranar shelar 'yanci, abin da na samu nawa ne, ba ubangidan da ke jiran murguna a ƙarshen wata.

A wasiƙarka ta Nuwamba ka rubuta cewa ƙanwata tana hannu nagari, tana ci tana ƙoshi, har ta samu takalmi. Na ɗauka hannunka kake nufi. Don murna sai da na karanta wa abokan ɗakina wurin, na je na yanko mata jan yadi na Kirsimeti na aika.

Shekaranjiya na gamu da Josiah, kukun jirgin da ke ɗauko itace daga koginmu. Ina tambayarsa mutanen gida sai ya ce ai ya ga Henny a bayan gidan Lankford, tsofaffin iyayengijinmu, tana zubar da bahon fitsarin uwargida. Na ce masa giya ce ke magana. Ya ce, "Ɗan Rhoda, cikina ne ya sha, idona bai sha ba." Daga nan ya gyara zama ya ba ni labarin da kai ba ka ba ni ba. Wai gari na wayewa bayan shelar 'yanci, iyayengiji suka loda yara a amalanken shanu kamar kabewa, suka yi layi a ƙofar kotun marayu. Aka rubuta wa kowane yaro takarda cewa zai koyi sana'a a gidan da ya yi bauta, mace sai ta kai sha takwas, namiji ashirin da ɗaya. Wai kuma an gan ka a wurin, da baƙar kwat ɗinka ta zuwa coci.

Kotun marayu, Kawu. Uwar Henny na da rai, da hannunta biyu. Yayanta na da rai, da aikinsa. Yaushe yarinyar ta zama marainiya ba a aiko mana da ta'aziyya ba?

Ba na son in yarda da mashayi in ƙaryata dattijon coci. Ka rubuto ka ce ƙarya ne, ni kuwa in je in jefa Josiah a ruwa. Ka karanta wa Inna wannan duka, har wuraren da ba su yi maka daɗi ba.

Ɗanka,
Levin

Heron Neck, 20 ga Fabrairu, 1865

Ɗana Levin,

Alherin Ubangiji ya tabbata gare ka. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, ƙanƙara ta rufe kogi, jirgi bai shigo ba sai makon jiya. Ƙafa da sauƙi. Mahaifiyarka lafiya, tana wanki a gidaje biyu. Aladiyata ta haihu.

Ka iya rubutu, na gani. Saura ka iya magana da manya.

Josiah bai yi ƙarya ba. Henny na gidan Misis Lankford, a ɗakin girki take kwana kusa da murhu, wurin ya fi namu ɗumi. Ni na tsaya a kotu. Bari in gaya maka dalili, in kana da kunnen ji.

Kai 'yanci ya same ka a birni, da ƙararrawa da ganguna. Ni na san yadda 'yanci ke zuwa a gundumar nan tun ba a haife ka ba. Da takarda yake zuwa, mai suna da rana. Tsohon Lankford ya rubuta a wasiyyarsa cewa Perry zai yi bauta har ya cika talatin da biyar. Na bi girbi ɗaya bayan ɗaya, ranar ta zo, magatakarda ya auna tsayina, ya rubuta tabon goshina, ya buga hatimi. Duk wani baƙar fata da ka tashi ka samu da 'yancinsa a Heron Neck, ta wannan ƙofar ya fito, ko shi ko uwarsa. Isaac Jolley kuwa da baki uwargijiyarsa ta 'yanta shi. Ya yi aure, ya gina ɗaki, ta mutu, magada suka ce a nuna musu a rubuce. Da idona na ga an ɗaure shi a bayan dokin fataken bayi na Georgia. Ka ce tsoro ne. To, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Wannan shela da kuke rawa a kanta da ratar ƙuri'u 'yan kaɗan ta wuce, yaƙin basasa kuma bai ƙare ba. Abin da ƙuri'a ta bayar ƙuri'a na iya karɓewa. In ta juye gobe, wa ke da takarda mai wa'adi? Henny. An rubuta sha takwas, da hatimin kotu. Yanzu tana sha ɗaya. Shekara bakwai mece ce a kan abin da na yi?

Misis Lankford ce ta aiko a kira ni. Ta ce, "Perry, kai ne mai hankali a cikinsu." Ta ce in ba a rubuta yarinyar a gidan da ta sani ba, kotu za ta miƙa ta ga wanda ba ta sani ba.

Mahaifiyarka ban tafi da ita ba. Ka san bakinta, shi ka gada. Da ta buɗe shi a gaban alƙalai da a kurkuku ta kwana. Na yi magana a madadinta kamar yadda na saba tun da mahaifinku ya rasu.

Yadin ya iso. Na ajiye shi, don a gidan can ba sa son masu aiki su sa ja.

Kawunka,
Perry Ennals

Baltimore, 6 ga Maris, 1865

Kawu,

Ina gaida Inna. Ina gaida ƙafarka, ina gaida aladiyarka da 'ya'yanta, Allah ya sa ita an bar mata nata.

Mai hankali a cikinsu. Na karanta wannan layin, na sake karantawa. Matar da ta sa aka zane Inna a kan cokali guda, ita ce yau ke raba lambar hankali, kai kuma ka miƙa ƙirji aka maƙala maka.

Ka tuna ina yaro na roƙe ka ka koya mini baƙi, ka ce bawan da ya iya karatu ajalinsa yake kira? Na koya ba da kai ba. A jikin gangunan maɗi na koya, da sunayen jirage, da jaridar da aka naɗe kifi a ciki. To wannan karatun nawa na kan bola shi na ɗauka na je wurin wani tsohon wanzami a unguwarmu da ke da littafin dokokin jiha. Yini guda na yi ina tuntuɓe a ciki, ga abin da na tsinto, ka gaya mini ko an karanta maka shi a kotu. Ɗan farar fata in aka ba da shi koyon sana'a, dole ubangidan ya koya masa karatu da lissafi. Ɗan baƙar fata, ba dole. Ɗan farar fata ba a miƙa shi ga wani. Ɗan baƙar fata, ubangida na iya sayar da sauran shekarunsa ga duk wanda ya so a cikin gunduma. In ya gudu a sa cigiya, a kamo shi, a ƙara masa wa'adi. Kawu, mene ne sunan wannan abin? Ni da kai mun san sunansa, a cikinsa aka haife mu.

Kuma wace sana'a ce take koyo? Zubar da fitsari? Ta gama wannan makarantar tun tana shekara shida.

Takardarka ƙofar fita ce, don kana ciki aka rubuta ta. Henny tana waje. Ta kwana da 'yancinta, ta tashi da shi, ka kama hannunta ka mayar da ita, ka ce ka nemo mata ƙofar fita.

Dokar ta kuma ce sai an kira uwa ko uba, an ji ta bakinsu, an tabbatar ba za su iya ciyar da yaro ba. Ka ce ka yi magana a madadin Inna. Me ka ce? Kalma-kalma nake so. Kada ka aiko mini da labarin Isaac Jolley, na ji, Allah ya ji ƙansa in ya mutu. Me ka ce da sunan uwata?

Levin

Heron Neck, 15 ga Oktoba, 1865

Levin, ɗana,

Ni ce uwarka. Hannun na Malama Adeline ne, wadda aka aiko ta buɗe makaranta a cocinmu, amma bakin nawa ne, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa masa riga. Ina lafiya. Bayana ne kawai, shi ma ya saba. Kana ci? Josiah ya ce ka rame kamar sandar kamun kifi.

Na jima ina zargin wani abu. Wasiƙarka za ta zo shafi biyu cike, kawunka ya sa tabarau, kafin ruwa ya tafasa ya gama karantawa. Kullum Levin na gaisuwa, Levin lafiya, Levin ya ce a yi haƙuri. Na ce, Yaya Perry, ɗan da na haifa bai taɓa cewa a yi haƙuri ba, ko yana goye. Da Malama ta zo sai na kwaso su daga cikin Littafinsa Mai Tsarki na kai mata. Ta karanta mini duka, har waɗanda ka aiko da bazara bai ba ka amsa ba. Wasu wuraren sai da ta tsaya ta sha ruwa. Ashe haka bakinka ya zama.

Ga amsar abin da kake ta tambaya. Ranar nan cewa ya yi da ni za a je a rubuta sunayen yara a littafin 'yantattu, don kada wani ya sace su. Ni na wanke Henny, ni na kitse mata kai, na ce ta gaida alƙali da kyau. Da yamma ya dawo shi kaɗai. Matar maƙwabcinmu Bowley da ke wurin ta gaya mini daga baya cewa an tambaye shi ina uwar, ya ce Rhoda ta yarda, ba ta da halin riƙe ta, ita ta aiko shi.

Yanzu ka zauna. Henny ba ta gidan Lankford. Tun girbin alkama aka miƙa ta ga wani Brohawn a ƙetaren kogi, gona take yi. Na biya mai kwalekwale na je ran wata Lahadi. Daga nesa na hango ta tana ɗaukar ganyen masara, ɗaurin ya fi ta. Ta gan ni, ta ajiye, sai ta waiwaya wajen gidan ta sake ɗauka. Mutumin ya fito da kare ya ce in ina da magana in kai wa kotu.

Kada ka zagi kawunka a wasiƙar da za ka aiko mini, na ƙoshi. Shi ya binne ubanku. Shekarun da muke cikin bauta yana waje, ba a taɓa yanka alade a gidansa ba a kawo mana ba. Ba na yi masa magana tun watan jiya, wannan tsakanina da shi ne. Kai dai ka nemo mini hanyar 'yata.

Uwarka,
Rhoda

Heron Neck, 18 ga Disamba, 1865

Levin,

Salama. Ƙafa ta tashi, da sanda nake zuwa coci. Mahaifiyarka lafiya, daga nesa nake ganinta.

Na samu taka ta Nuwamba. Ka ce akwai lauya a birni da ke fitar da yara, kuma tunda littafin kotu ya ce uwa ta yarda ta bakin ɗan'uwanta, sai ɗan'uwan ya rantse cewa ba haka ba ne. Na fahimta.

Ban san ana sayar da takardar ba. Tawa ba a sayar ba. Da na ji an miƙa Henny ƙetare, na sa kwat na je gidan Lankford. A ƙofar baya uwargidan ta same ni, ba ta ce in zauna ba. Ta ce, "Perry, ai ka iya karatu, an kuma nuna maka." An nuna mini. Idona wajen wa'adin ya tafi, na ga sha takwas, hankalina ya kwanta.

Amma abin da kake nema ba zan iya ba. Ka san me ake yi wa baƙar fatar da ya ce ya yi ƙarya a gaban alƙalai? Kai kana Baltimore. Ɗakina a kan ƙasar Lankford yake. Cocin ma a kan ƙasarsu yake, da makarantar da ke ciki, da kaburbura, har na ubanka. A wasu wurare an riga an ƙone makarantu, ka ji. Ba ni kaɗai zan faɗi ba.

Ga hanya, wadda iyayenmu suka bi ba a zubar da jini ba. Na aika wa Brohawn, ya ce zai saurari tayi. Zan sayar da aladu da kwalekwalena. Ka haɗo abin da kake da shi. Mu fanshi sauran shekarun, a rubuta, a buga hatimi, yarinya ta dawo kafin shuka, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Haka Bowley ya fanshi matarsa. Ka ajiye fushi ka yi lissafi.

Kawunka,
Perry

Baltimore, 26 ga Fabrairu, 1866

Zuwa ga Kawu Perry Ennals, ta hannun Malama Adeline, a karanta a coci ranar liyafar ƙauna, bayan an zaga da burodi da ruwa, lokacin da kowa ke tashi ya ba da shaida. Inna ce ta ce a yi haka, na kuma ji daɗi.

Ina gaida iyayena da ke zaune a nan, maza da mata. Ni ne Levin ɗan Rhoda, wanda kuka sha kora daga gonar kankana. Ina lafiya. Kawu, ina gaishe ka, yaya ƙafa? Ka yi haƙuri da na biyo ta wannan hanyar. Wasiƙun da na aiko maka a ɓoye, a ɓoye suka mutu.

Ka ce mu fanshi Henny. Na yi lissafin da ka ce. Da sanyin nan ma an kore mu, mu baƙar fata, daga wurin gyaran jirage, amma da na ci bashi, da na sayar da kayan aikina, guduma da kurfi, da kuɗin sun haɗu. Ba rashi ba ne. Na ƙi ne. Bowley ya fanshi matarsa don baiwa ce a lokacin, Allah ya saka masa. Henny 'ya ce. Ranar da muka ƙirga wa Brohawn kuɗi a hannu, ranar muka sa hannu cewa tasa ce. Kuma ku da ke zaune, ku duba benci na gaba inda yara ke zama, ku ga gurbi nawa ne babu kowa. In farashi ya faɗo a kan Henny, ya faɗo a kan kowannensu. Mai alade ya fanshi nasa, marar alade fa?

Kawu, ban ce ka sayar da ita ba. Na tambaya, ko kobo ba a ba ka ba, da an ba ka ma da na fi gane abin. Kyauta ka ba da ita, da zuciya ɗaya, kana ganin alheri ka yi. Wannan ne ke hana ni barci. Na yarda ba ka san za a miƙa ta ƙetare ba. Amma ka san Inna ba ta yarda ba. Ka san abin da ka gaya mata da safen nan tana yi wa yarinyar kitso. Wannan ba ruwansa da ƙananan baƙaƙen da idonka ya tsallake.

Ka ce ɗaki, ka ce coci, ka ce kabarin ubana. Ban ce ƙarya kake ba. Shi ya sa na kawo maganar gaban masu cocin, su ma su faɗi nasu. In jama'a suka ce katakon ginin nan ya fi yaran da aka gina shi dominsu, su faɗa da bakinsu, Malama ta rubuta, in ji. Ubana kuwa ya riga ya huta, ba wanda zai ƙara sa shi noma. 'Yarsa ce ke gonar Brohawn. In an tashe ka, ɗakina na nan, ƙarami ne, yana warin kwalta, gadon naka ne ni in kwana ƙasa. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, har yanzu ina fushi da kai.

Lauya ya shirya takardar da za ta sa a kawo Henny gaban alƙali a nan birni. Abu ɗaya ya rage, shaidarka. Wani jami'i daga ofishin 'yantattun bayi zai sauka a jirgin Talata ya ɗauki rantsuwa, ni ma ina cikin jirgin. In an fara shuka Brohawn zai ce ya riga ya yi hasara a kanta, magana ta ƙara tsawo.

Amma ba na son jami'i ya riga mutanen Heron Neck ji. Shekara nawa kana tsayawa a nan kana tambayar kowa yadda ransa yake da Ubangiji, ba wanda ya taɓa ƙin amsa maka. Yau kai za a tambaya. Malama, ki dakata a nan, kada ki naɗe takardar, kada a ɗauki waƙa.

Kawu Perry, ga ƙanwarka nan zaune a ɓangaren mata. Ka dafa sandarka ka tashi, ka dube ta, ka gaya wa jama'a da ƙarfi yadda na baya za su ji.

Rhoda ta yarda, ko ba ta yarda ba?

Levin